Zancen Zaure: An Ɗauke Rumfar Zaɓe Daga Majami'a



A watan Yuni na 2021 Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, wato INEC, ta ƙara yawan rumfunan zaɓe a Nijeriya daga 119,974 zuwa 176,846. Rabon da a yi irin wannan ƙari tun 1996, ga shi kuwa jama'a sun ƙaru, garuruwa sun faɗaɗa. A lokacin ne kuma ta ɗauke rumfuna 749 daga inda suke. A cikinsu 232 a gidajen mutane suke, 145 a fadar sarakuna, 21 a majami'u, 6 a masallatai, 9 a wuraren tsafi.

Waɗansunmu sun ji zafin na majami'un nan. Ni kam ban ji ba. Akwatin ƙuri'a na kowa da kowa ne. In ba za ka saki jiki ka yi zaɓe a zauren wani ɗan siyasa ba, ko a ƙofar fada dogarai suna kallonka, to, ka tuna maƙwabcinka Musulmi ma yana iya jin nauyin shiga harabar majami'a. Makarantar firamare ko filin unguwa ya fi. Ɗakin sujada kuma ya huta da hayaniyar 'yan siyasa, wadda dama ba ta dace da shi ba.

Abin da ya dame ni dabam ne. Ɗauke rumfa aiki ne mai sauƙi ga wanda yake zaune a ofis. Wa zai gaya wa tsohuwar da ta yi shekara ashirin tana jefa ƙuri'a a gindin darbejiya ɗaya? Kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 hukumar ta mai da waɗansu masu zaɓe zuwa sababbin rumfuna don rage cunkoso, ta ce kowa ya duba wurinsa ta waya ko ta intanet. Madalla. Amma wanda bai iya karatu ba fa? Mutane da dama sun yi sammako zuwa tsohon wurinsu, suka duba takardar da aka manna a bango, ba sunansu. A ranar zaɓe kuwa 'yan sanda sukan hana zirga-zirgar motoci, saboda haka mil ɗaya da aka ƙara wa gurgu ko mace mai ciki, da ƙafa za a taka shi, cikin rana. Wani ya nema har ya samu, wani ya koma gida da katinsa a aljihu. Ba wanda ya ce masa kada ya yi zaɓe, amma an hana shi ke nan.

Ga wani abin mamaki: rumfuna 240 ba a yi zaɓe a cikinsu ba a shekarar, don ba mutum ko ɗaya da ke da rajista a can.

To, ina aikinmu? Duk Lahadi ana karanta sanarwar aure da ta baiko a gaban ɗaruruwan mutane. Me zai hana magatakarda ya ƙara layi biyu, ya faɗi inda rumfar kowace unguwa ta koma? Samari masu waya su zauna bayan sujada su duba wa tsofaffi lambar katinsu. Zumuntar Mata sun san gidan kowace gwauruwa da kowane makaho, sai su raba wa junansu wanda za su raka. Mutum huɗun nan da suka ɗauko shanyayye a Markus sura 2 ba su tsaya jiran a faɗaɗa ƙofa ba. Kada kuma a tambayi mutum addininsa ko jam'iyyarsa kafin a nuna masa hanya.

In sabon wurin yana hayin rafi, ko yana da matakalar da keken guragu ba zai hau ba, dattawa su rubuta takarda, su nemi sa hannun mai unguwa da liman, su kai wa jami'in zaɓe a ofishin hukumar da ke ƙaramar hukumarsu. A yi haka da sauran watanni kafin zaɓe, a riƙe kofi ɗaya, a kuma koma a tambaya bayan mako biyu.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.