Filin Mata: Wa Zai Saya Wa Mai Gudu Takalmi?

Yau maganarmu a kan gudu ce, watau irin gudun nan mai nisa da ake gasa a kansa, da kuma taimakon da ya kamata a yi wa yaranmu masu baiwarsa. Na san wata za ta ce, "Malama, ina ruwan matan aure da tsere?" To, ki yi haƙuri ki karanta, gama abincin mai gudu daga tukunyarki yake fitowa, izinin fita kuma sau da yawa daga bakinki ake fara nemansa.

Mafi tsawon tseren da ake yi a wasannin Olimfik shi ne wanda ake kira marato. Tsawonsa kilomita 42 da 'yan kai, watau mil 26 ke nan, ya kusa kai tafiyar Funtua zuwa Malumfashi. A 1960, a birnin Rum, wani sojan Habasha mai suna Abebe Bikila ya cinye shi cikin sa'a 2 da minti 15, ba ko takalmi a ƙafarsa. Mutane suna son wannan labari ƙwarai, har wadansu su kan kafa hujja da shi su ce ai mai gudu ba ya bukatar kome. Abin da ba su faɗi shi ne, Bikila yana cikin dogaran Sarkin Habasha, yana da abinci da albashi, yana kuma da mai koya masa. Da ya sake ci a Tokyo a 1964, da takalminsa ya yi.

Ku dubi wani gari a Habasha da ake kira Bekoji. Ƙaramin gari ne na manoma, ba su fi mu kome ba wajen dukiya. Daga nan Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariya a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, ita ce baƙar mace ta fari daga Afirka da ta ci zinariyar Olimfik. Wanda ya fara lura da yaran garin kuwa malamin makaranta ne, Sentayehu Eshetu, mai koyar da wasanni. Haka kuma a Iten ta ƙasar Kenya, wani malami ɗan Ailan, Colm O'Connell, ya zo koyarwa a 1976, ya zauna yana horar da yara maza da mata har suka cika duniya. A Bekoji ɗin nan akwai wata ƙungiyar agaji, Girls Gotta Run, wadda aikinta shi ne ba 'yan mata takalmi da abinci da kuɗin makaranta, bisa sharaɗin su ci gaba da karatu. Wannan sharaɗi shi ne ya fi burge ni cikin dukkan al'amarin.

Lalle akwai abin da Allah ya ba su wanda bai ba mu ba. Garuruwan nan bisa tudu suke ƙwarai, Iten ta kai mita 2,400 sama da teku, iskar can kuwa ba ta da kauri, sai jinin mutum ya saba da ɗaukar iska da yawa. Shi ya sa a Nijeriya ma masu gudu mai nisa galibinsu daga Filato suke fitowa, wajen Pankshin da Jos. Amma kada wannan ya karya mana gwiwa. Abbas Mohammed ya wakilci Nijeriya a marato a Olimfik na 1988, ba a Kenya aka haife shi ba. Yaron da ya fara a nan, in ya nuna alama, ai motar Jos ba ta gagara ba.

Yaranmu fa sun iya gudu. Duk malamar da ta taɓa tsayawa bakin fili ran wasannin makaranta ta ga wannan da idonta. Yarinyar da ke tafiya mil uku ko huɗu kullum zuwa makaranta, ta komo ta kai abinci gona, ta ɗebo ruwa, in aka sa ta kewaya fili sau bakwai sai ta gama ba ta ko haki sosai. A ba ta bokitin roba da sabulu, a yi tafi, shi ke nan. Baɗi ba ta nan, ko an cire ta, ko kuɗin jarrabawa ya gagara.

Kuɗi kuwa ana kashewa a ranar, kada wani ya ce babu. Ana gayyato attajirai da 'yan siyasa, a kafa rumfa, a yi hayar kujeru da lasifika, a saya musu lemo, kowa ya tashi ya yi alkawari da babbar murya. Ƙasar nan ta auduga ce da masara, daga Bakori zuwa Ƙafur, daga Ɗanja zuwa Dandume, ba a rasa masu hannu da shuni. Abin da na gani sau da yawa shi ne, kuɗin rumfa kaɗai ya isa ya sayi takalma ga yara goma, amma rumfar ake gani, takalmin kuwa ba mai ɗaukar hotonsa.

Shawarata ita ce mu mata mu kafa ɗan asusu, kamar yadda muke adashi. Ba sai mun jira gwamnati ba. Matan unguwa ɗaya, ko malamai mata na makaranta ɗaya, su zaɓi yara biyu ko uku waɗanda suka yi fice, su ɗauki nauyinsu shekara guda cur. Wadda ba ta da kuɗi tana da tiyar wake ko gyaɗa da kaka, ko ƙwai biyu a mako. Mai gudu, balle budurwa, tana bukatar abinci mai ƙara jini, irin su wake da zogale da hanta, in ba haka ba sai jiri da kasala su kama ta. A sayi takalmi ko na gwanjo ne, muddin ya yi daidai da ƙafa. A ajiye kuɗin mota na zuwa gasa a Katsina ko Kaduna, da na malamar da za ta raka su, gama ba uwar da za ta yarda 'yarta ta kwana wani gari ba mai tsaronta, kuma tana da gaskiya. A rubuta kome a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa kowa duk wata.

Maganar sutura ba ta da wuya. Dogon wando da riga mai hannu da ɗankwali ba su hana gudu. Sifan Hassan, wadda aka haifa a Habasha take yi wa Holan gudu, ta ci maraton Olimfik a Faris a 2024, da hijabinta ta hau karɓar zinariya duniya na kallo. Maganar wurin horo ita ce mai nauyi. Tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 11 ga watan da ba mu mantawa na 2020, kowa ya san hanyar daji da asuba ba ta yaro ba ce. A tsaya cikin filin makaranta ko cikin gari, da rana a sarari, a cikin ƙungiya.

Akwai kuma wani abu da za mu koya daga Kenya, mai ɗaci. Sa'ad da kuɗi suka fara shigowa, sai ga masu cewa su ne masu horo, ko masu nema, sun kewaye 'yan mata. Agnes Tirop, gwanar duniya, an same ta a kashe cikin gidanta a Iten a 2021 tana da shekara 25, aka kama mijinta aka kai shi kotu. Saboda haka duk asusun da za mu kafa, iyayen yarinya su san kowane kwabo, kyautar da ta ci kuma a sa ta da sunanta, kada wani namiji daga waje ya karɓa a madadinta.

Yanzu tsere yana da lada a ƙasar nan. Ana yin na Okpekpe a Jihar Edo tun 2013, na Ikko kuwa tun 2016, kuma baƙi daga Kenya da Habasha su ne suka fi kwashe manyan kyaututtukan. Wadda ke da niyya cikinku, ta fara da zuwa wurin shugabar makarantar da ke kusa da ita ta tambayi sunan yarinyar da ta ci tsere mafi tsawo bana, da ajin da take, da ko za ta komo zango mai zuwa. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.