Mazaunin Inji: Araha Ba Ta Ado

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a Anacha, Fatakwal ko Binin ya san Abaji. Idan ya ƙetare gadar Murtala ya wuce Koton Ƙarfe, shi ne babban gari na farko da zai tarar cikin Yankin Birnin Tarayya. Motar da ta iso nan ta riga ta sha gargada da zafi da lodi, kuma ba abin da ya fi jin jiki a cikinta kamar mazaunin inji, wanda kanikawa ke kira injin sit.

Wannan abu roba ce mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu. Ita ke riƙe inji a jikin mota, ta shanye girgizarsa. Zafi yana busar da ita, baƙin mai kuwa in yana ɗiga a kanta sai ya ruɓar da ita. Na motocin zamani da yawa akwai ruwa a cikinsu. Da zarar ya tsiyaye, aikinsu ya ƙare.

Kada a raina shi don ƙanƙantarsa. A 1971 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocin Chevrolet fiye da miliyan 6 don gyara, saboda idan mazaunin ya tsinke inji yakan ɗaga ya ja totur, mota ta zabura ba da son direba ba. Ko bai kai haka ba, injin da ya goce yakan tsinka tiyon lagireto ko ya karya salansa.

Abin takaici shi ne yadda wasu masu motocin haya ke sayen jabu don araha, ko su yarda a yanko tsohuwar taya a cusa, a ɗaure da waya. Wannan ba tattali ba ne, kasada ce da ran fasinja.

Saboda haka kafin a ɗauki hanyar gida, wajibi ne direba ya lura. Idan sitiyari na kakkarwa alhali mota na tsaye, ko ana jin ƙwal lokacin sa giya, to a nemi bakanike tun a gari, a toshe yoyon mai, a sa na ƙwarai. Shugabannin tasha kuma su hana irin wannan mota yin lodi. Gara a yi jinkirin yini guda a gareji da a kwana a daji tsakanin Lakwaja da Abaji da mata da ƙananan yara.