Filin Tanis Na Kowa Ne, Doka Kuwa Ba Ta San Babba Ba

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana. Koke-koke sun yi yawa game da filayen tanis da ke cikin gidajen ma'aikata, na kwalejoji da na ofisoshin gwamnati. Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa a ɓata mata tawada ba. Mu dai ba mu ga haka ba, domin mun ga inda rigimar fili ta raba maƙwabta biyu, har matansu suka daina gaisawa.

Ga abin da muka gani da idonmu a wata kwalejin horon malamai. Gidaje da yawa, fili ɗaya. Lokacin wasa kuwa kaɗan ne, daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Aka yi doka aka manna a allo: kowa ya rubuta sunansa a littafi, in akwai masu jira kada a wuce minti 45, kada a shiga da keke ko takalmi mai ƙusa. Aka yi kwanaki ana bi. Ran nan wani babban malami ya zo da baƙonsa, ya tarar da ƙananan akawuna biyu suna tsakiyar wasa, ya ce su ba shi wuri. Suka ba shi, don kunya. Ba wanda ya ce uffan, har da mu. Kafin wata ya cika littafin ya ɓace, yara sun mai da raga lilo, masu biyan kuɗin gyara sun janye hannu. Da shekara ta kewayo, awaki ke kiwo a wurin.

An ɗora wa yaran laifi, amma filin ya mutu ne tun ranar da babba ya taka doka aka yi shiru. Daga nan kowa ya gane abin da ke allon nan na ƙanana ne kaɗai, mutum kuwa ba ya bin dokar da ya ga an ɗauke wa wani.

Mu duba yadda wasan ya ke. Tsawon filin tanis ƙafa 78 ne, faɗinsa ƙafa 27 in ɗaya da ɗaya za su kara, ƙafa 36 in biyu da biyu ne. Watau ko an matsa, ba ya ɗaukar fiye da mutum 4, ba kamar filin ƙwallon ƙafa ba mai ɗaukar 22. Saboda haka jira tilas ne, kuma in ba tsari a jiran, mai ƙarfi ne zai riƙa cinye rabon mara ƙarfi.

Har wa yau, inda ba alƙalin wasa, al'adar tanis ita ce kowa shi ne alƙalin gefensa. Kai za ka faɗi ko ƙwallon abokin karawarka ta faɗa cikin layi ko ta fita, in kuwa kana shakka, sai ka ba shi. Mai fara bugu ya faɗi lissafi da ƙarfi, don kada a yi musu. Ba a ratsawa ta bayan masu wasa sai ƙwallo ta tsaya. In an gama a yi musafaha, ko wa ya ci. Wannan duk amana ce. Wanda ya saci layi a fili da yamma, yaya za a yarda da shi kan littafin kuɗi ko takardun jarrabawa da safe?

Kada wani ya ce girmansa ya ɗauke masa. A 2020, a babbar gasar Amurka, Novak Djokovic shi ne na ɗaya a duniya. Ya bugi ƙwallo cikin fushi, ta sami wata mai duba layi a maƙogwaro. Ba da nufi ya yi ba, amma nan take aka fid da shi daga gasar. Kafin shi, a 1990, an kori John McEnroe daga gasar Ostireliya saboda zagi, bayan an yi masa gargaɗi, an kuma yanke masa maki. In an iya yi wa waɗannan haka a gaban duniya, wane ne shugaban sashe ko babban akawu?

Wata malama Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta daɗe tana nazarin yadda jama'a ke riƙe abin da su ke tarayya a kai, kamar makiyaya da ruwan ban-ruwa. Ta ga abin ya fi daɗewa inda masu amfani da shi ke da baki wajen yin dokar, masu tsaro daga cikinsu su ke, horo kuma hawa-hawa a ke yinsa. Duk wanda ya san yadda a ke riƙe rijiyar unguwa ba zai yi mamakin wannan ba.

To, ga shawararmu. Na farko, kada mutum ɗaya ya zauna a ofis ya rubuta doka. A tara duk masu gidaje a yi ta tare, ta zama gajeriya. Na biyu, wanda ya riga rubuta suna shi ke da fili, ko masinja ne. In ya ga dama ya bar wa babba don girmamawa, wannan kyautarsa ce, amma ba a tambayarsa. Na uku, a ware wa yara da mata lokacinsu, kada a bar su da ragowa. Na huɗu, baƙo yana wuyan mai masaukinsa, abin da ya ɓata shi zai biya. Na biyar, a zaɓi kwamiti ƙarami da za a riƙa sakewa kowace shekara, a sa ƙaramin ma'aikaci a ciki. Mai laifi a fara yi masa magana a keɓe, in ya sake a rubuta masa, in ya ƙi ji a hana shi fili na mako ɗaya ko biyu. Kada a tozarta kowa a gaban 'ya'yansa, kada kuma a kai ƙarar wasa cikin fayil ɗin aiki.

Malamai da akawuna, ku tuna akwai idanu a bayan waya. Ɗalibanmu da 'ya'yanmu suna kallo, gobe su ne za su riƙe makarantu da ofisoshi. In sun ga babba ya rubuta sunansa ya zauna a benci yana jiran ƙarami ya gama, sun koyi abin da ba mu iya koya musu da alli. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gane, amin.