Makarantun karkara: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro ya san su: makarantu masu malami ɗaya ko biyu, da azuzuwan zana da ba a kafawa sai bayan girbin hatsi. Mushe guda ke riƙe aji biyu, yana koya wa waɗannan karatu, waɗancan lissafi, ba mai duba aikinsa.

Maganin wannan kaɗaici sananne ne: taron CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, gogagge ya ba da darasi, sabon ɗan kwantaragi ya gani ya koya. Amma taro yana son kuɗin mota da abinci. In babu su, sai ya tsaya a takarda.

Iyaye ma su haɗa kai. Gobarar Nuwamba 2021 ta kashe yara fiye da 20 cikin azuzuwan zana a Maraɗi. Me zai hana kwamitocin iyaye na ƙauyuka huɗu su yi adashe, kowace shekara a gina wa ɗaya aji?

Ƴan kasuwa da ma'aikata, yawancinmu daga ƙauyukan nan muka fito. Mu fara zubi.