Sharhi: Farashin ma'adanan Najeriya yana fara yankuwa ne a ɗakin niƙan dutse

Tun da Dele Alake ya karɓi ragamar Ma'aikatar Bunƙasa Ma'adanai a watan Agustan 2023, magana guda Gwamnatin Tarayya take nanatawa: a daina kwasar ɗanyen dutse ana fita da shi, a sarrafa shi a gida. An gindaya wa masu neman lasisin haƙa sharaɗin nuna shirin sarrafa abin da za su haƙo a cikin ƙasa. An soke lasisi 1,633 a watan Nuwamban 2023, aka kafa rundunar dogarawan ma'adanai mai jami'ai sama da 2,000 a watan Maris na 2024, sannan a watan Mayun shekarar aka buɗe masana'antar sarrafa lithiyam ta kamfanin Avatar a Jihar Nasarawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya samu rabonsa a kanun labarai.

Akwai kuwa wani mataki da ba a cika shirya masa bikin ƙaddamarwa ba, alhali sauran duka a kansa suka jingina. Kafin mai saye ya taya dutse, kafin banki ya ba kamfanin haƙa rance, kafin gwamnati ta yanka harajin da ake lissafawa bisa darajar ma'adinin, sai an amsa tambaya ɗaya: nawa ne a ciki? Giram nawa na zinare ke cikin tan guda, kashi nawa na lithiyam ke cikin wannan farin dutsen? Amsar tana fitowa daga ɗakin gwaji. Masana harkar kuma sun daɗe da yarda cewa kuskuren da ake tafkawa wajen ɗibar samfur da shirya shi ya kan fi wanda na'urar awo take yi, komai tsadarta.

Aikin a ido bai da wani kwarjini. Ana kawo samfurin dutse na 'yan kilo, a busar da shi a tanda, yawanci a zafin da ya kai digiri 105. Daga nan a zuba shi cikin injin fasa dutse mai muƙamuƙi biyu na ƙarfe, ɗaya a kafe, ɗaya yana kai-kawo, har ya koma tsaki. Ƙa'idar da manyan ɗakunan gwaji suka saba bi ita ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na tsakin ya iya bi ta rariya mai ramin milimita 2. Sai a bi da shi ta akwatin rabo, mai ramuka jere da juna, rabi suna zubarwa dama, rabi hagu, domin a rage yawansa ba tare da hannun mutum ya zaɓi abin da ya yi masa kyau ba. Abin da aka ware, kamar giram 250, shi ake kaiwa injin niƙa: wani kwano mai murfi, da zobba da curin ƙarfe a ciki, yana jijjiga da ƙarfi na 'yan mintoci har kashi 85 cikin ɗari ya bi ta rariya mai ramin maikiron 75, wanda bai wuce kaurin silin gashi ba. Daga cikin wannan garin ake ɗibar giram 30 ko 50 kacal, a narka shi da dalma a wuta, dalmar ta kwaso zinaren, a auna.

Ke nan giram 30 ne zai yi magana da yawun tirela guda, wani lokaci ma da yawun tudu guda. Lissafin yana da tayar da hankali. Dutsen da ke ɗauke da giram 2 na zinare a kowane tan, wanda a wurare da dama ya isa a kafa mahaƙa a kansa, abin da ke cikin giram 30 nasa kashi 60 ne cikin miliyan na giram guda. Ƙwayar zinare ɗaya tak mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na milimita ta kai wannan nauyin, ko ta ɗara. Idan ta faɗo cikin cokalin da aka ɗiba, sakamako ya ninka. Idan ta zame gefe, mahaƙar da ke da riba sai ta fito a takarda kamar marar amfani. Bafaranshen masani Pierre Gy, wanda ya fara tsara ƙa'idojin ɗibar samfur a shekarun 1950, ya nuna cewa idan girman ƙwayoyin dutse ya ninka sau biyu, sai an ƙara nauyin samfur kusan sau takwas kafin a samu tabbaci irin na farko. Dalilin da ya sa ake fasawa kafin a raba, a niƙa kafin a ɗiba ke nan. Wanda ya tsallake mataki ɗaya don sauri, ko ya bar muƙamuƙin injinsa ya cinye har tsakin yana fitowa da gwaɓi, ya ɓata sakamakon tun kafin a kunna na'urar awo, kuma babu abin da zai nuna hakan a takardar da za a miƙa wa mai kaya.

Shi kansa injin yana zuba nasa a cikin garin. Kwanon ƙarfe yana barin ɓurɓushin ƙarfe, wani kuma har da kuromiyam, abin da ke da illa idan yashin gilashi ko farar ƙasa ake aunawa, inda ɗan ƙarfe kaɗan yake karya farashi. Kwanon da aka ƙera da haɗin tungstin ya fi tauri, amma yana barin tungstin da kobal. Ga samfurin da ya fito daga duwatsun Jos ko Bauchi, inda ake samun tungstin tare da kuza, wannan kwano zai iya sa a ga arzikin da babu shi. Zinare kuwa ba ya dakuwa kamar dutse. Lanƙwasewa yake yi, ya miƙe, ya manne a jikin kwanon, ya jira samfurin da ke biye. Shi ya sa ake niƙa ƙanƙarar dutse wadda ba ta ɗauke da komai a tsakanin samfur da samfur, a hure injin da iska mai ƙarfi. Haka kuma kamfanin da ya san abin da yake yi ya kan cusa dutsen da babu komai a cikinsa, da wani garin da aka riga aka san adadinsa, a cikin jerin samfuransa ba tare da ma'aikatan ɗakin sun sani ba. Idan dutsen wofi ya dawo da zinare, an san injin bai wanku ba.

Duniyar haƙar ma'adanai ba da daɗi ta koyi wannan ba. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Bre-X na Kanada ya shelanta gano zinare a Busang, cikin tsibirin Borneo na Indunusiya, adadin da ya riƙa hawa har ya kai kimanin oza miliyan 70. Darajar kamfanin a kasuwar hannayen jari ta haura dalar Kanada biliyan 6. A 1997, da kamfanin Freeport-McMoRan ya haƙa nasa ramukan a gefe, ya tarar zinaren bai taka kara ya karya ba. Bincike ya nuna cewa ana barbaɗa zinare ne a cikin dutsen da aka fasa kafin ya isa ɗakin gwaji. Ɗakin gwajin ya auna abin da aka kawo masa daidai. Ha'incin a matakin shirya samfur aka yi shi. Abin da ya sauƙaƙa zambar kuwa shi ne, sandar dutsen da injin haƙa yake zaƙulowa, doguwa kamar karan rake, al'ada ita ce a tsaga ta biyu da zarto a adana rabi don mai son sake dubawa, amma a Busang kusan dukkanta ake fasawa. Bayan wannan abin kunya ne Kanada ta kafa ƙa'idar NI 43-101, wadda ta fara aiki a 2001, ta wajabta wa kamfani ya bayyana yadda aka ɗebi samfur, wa ya riƙe shi, a ina aka niƙa shi.

Wannan tarihi yana da alaƙa kai-tsaye da masu zuba jarin da Najeriya take zawarci. Kamfanin da ke neman kuɗi a kasuwar Toronto, ko Landan, ko Sidni, kamar Thor Explorations mai mahaƙar zinare ta Segilola a Jihar Osun, wadda ta fara samar da zinare a 2021, dole ne rahotonsa ya jingina da sakamakon da masu bincike na waje za su amince da shi. A aikace, hakan na nufin ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025. Najeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa ta NGSA, wadda asalinta ya koma 1919, tana da babban ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. Akwai cibiyar bunƙasa ƙarafa a Jos. Akwai hukumar NiNAS mai tantance ɗakunan gwaji. Bankin Duniya kuma ya amince da rancen dala miliyan 150 a 2017 don shirin MinDiver na ƙarfafa ɓangaren. Duk da haka, shekara da shekaru samfuran Najeriya suna hawa jirgi zuwa Ghana, inda manyan kamfanonin gwaji na duniya suke da rassa a Tarkwa da Kumasi, ko Afirka ta Kudu, ko Kanada. Kowace tafiya kuɗin waje ne, da makonni na jira, injin haƙa yana tsaye ana biyan hayarsa.

A nan ne ya kamata masu tsara kasafi su yi karatun ta-natsu. Na'urar awo ta zamani tana da kyan hoto, tana da daɗin nunawa ga baƙi, don haka ba ta rasa mai saye. Injin fasa dutse kuwa ƙura ce da ƙara, kuma kuɗinsa ba a ranar saye yake ƙarewa ba. Muƙamuƙinsa yana cinyewa, zobban niƙa suna sirancewa, rariya tana yagewa, injin hura iska yana son gyara, dukkansu kuma suna son wutar lantarki mai ɗorewa da ma'aikacin da ya san dalilin kowane mataki. Kuɗin gudanarwa ne, irin wanda a ma'aikatun gwamnati aka fi saurin datsewa idan aljihu ya yi zafi. Sai dai wannan mataki ya fi kowane araha a kafa, kuma shi kaɗai ma yana da riba: idan an niƙa a gida bisa ƙa'ida, ambulan na 'yan giram ɗari za a aika waje maimakon buhunan duwatsu, ragowar kuma ta zauna a ƙasa a matsayin shaida.

Manyan kamfanoni suna da hanyar kewaye matsalar. Wanda ba shi da ita shi ne ƙaramin mahaƙi, kuma su ne mafiya yawa a fagen. Mai haƙar lithiyam a Nasarawa, ko Kwara, ko Kaduna yana kai dutsensa ga mai saye, mai sayen ne ke da na'ura, shi ne zai faɗi kashi nawa ke ciki, shi ne kuma zai yanka farashi. A kasuwar duniya ana auna farashin dutsen lithiyam da aka tace ne da ma'aunin kashi 6 cikin ɗari, don haka bambancin kashi ɗaya ba ƙaramin kuɗi ba ne a kan tirela. Ƙaramar na'urar hannu mai aiki da hasken eksire, wadda ta yaɗu a kasuwannin ma'adanai, ba ta iya ganin lithiyam sam, saboda rashin nauyin sinadarin. Wadda take iyawa mai aiki da hasken leza ce, ita ma ɗigo guda take karantawa a fuskar dutsen da aka ɗora ta. A juya dutsen, a samu wata lamba daban. Ba sai mai saye ya yi niyyar cuta ba kafin mahaƙi ya cutu, ko da yake wanda ke riƙe da na'ura da kuɗi a lokaci guda bai cika zaɓar fuskar da za ta ƙara masa kashe kuɗi ba. Baitulmali ma haka take cutuwa idan darajar da mai fitar da kaya ya rubuta da hannunsa ita ce ake lissafa haraji a kanta.

Akwai kuma batun rai. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bankaɗo gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu. Dutsen zinaren yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma daka shi a turmi, ana niƙa shi da injin niƙan hatsi a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Aikin da ake yi a ɗakin gwaji ƙarƙashin bututun zuƙar ƙura, da takunkumi a hanci, shi ne aka yi a tsakar gida ba kariya. Garin da aka niƙa don a san yawan zinare, shi ne dai zai nuna yawan dalmar da ke tare da shi, idan an nemi a duba.

Dokar ma'adanai ta 2007 da ƙa'idojinta sun tanadi cibiyoyin sayen ma'adanai masu lasisi, gwamnati kuma tana ta tura ƙananan mahaƙa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai. Abin da cinikin ma'adanai na duniya ya saba yi idan ana gudun gardama sananne ne: a ɗebi samfur a gaban mai saye da mai sayarwa, a niƙa, a raba garin gida uku a liƙe. Kowa ya kai nasa inda ya amince. Idan sakamakon biyu ya yi hannun riga fiye da iyakar da aka yi yarjejeniya, a buɗe ambulan na uku a ɗakin gwajin da bai da hannu a cinikin. Ƙungiyar mahaƙa a Nasarawa ko Birnin Gwari ba za ta iya sayen na'urar awo ta miliyoyin naira ba, amma injin fasawa ɗaya, da akwatin rabo, da injin niƙa, da ma'aikaci horarre wanda ba mai saye ke biyansa albashi ba, abu ne da gwamnatin jiha ko ma'aikatar tarayya za ta iya ajiyewa a kowace cibiyar saye, ɗakin gwajin Kaduna ko na Jos kuma ya riƙe ambulan na uku.