Takardar albashin bogi ba za ta kai ka Amurka ba

Jiya wani abokina injiniya ya turo min saƙon wani dillalin biza. Wai ya kawo kuɗi a "gyara" masa takardar albashi ta koma dala, a nema masa EB-1A, wato izinin zaman dindindin da Amurka ke bai wa masu ƙwarewa ta musamman. Wallahi raina ya ɓaci.

Jama'a, mu san abin nan kafin a yi mana sakiyar da ba ruwa. Sharuɗɗa 10 ne a dokar, ana so ka cika aƙalla 3, sai fa in kana da babbar lambar yabo ta duniya irin Nobel. Babban albashi ɗaya ne kacal daga cikinsu, kuma ma'auninsa shi ne ka zarce takwarorinka na fanni ɗaya nesa ba kusa ba. Ƙa'idar hukumar USCIS ta ce wanda ke aiki a wata ƙasa, da albashin wurin da yake aiki za a auna shi, ba a canza kuɗinsa zuwa dala a ce ya yi kaɗan. To meye amfanin dalar ƙarya?

Hujja ita ce takardar ɗaukar aiki, takardar albashin wata-wata, bayanan banki, shaidar biyan haraji, da alƙaluman abin da ake biyan sauran masu irin aikinka. Dole bakinsu ya zo ɗaya. Takarda ta ce kaza, banki ya ce kaza, shi ke nan asiri ya tonu. Ƙarya da gangan a wannan harka na jawo haramcin shiga Amurka na har abada. Dillali ya ci kuɗinsa ya kashe waya, kai ne da tabo.

Ko ka cika ukun ma, tun bayan shari'ar Kazarian ta 2010 sai an sake duba hujjojinka gaba ɗaya, a ga ko da gaske kana sahun gaba a fanninka.

Mu ma da laifinmu fa. Muna son alawus a hannu ba rubutu, muna zille wa haraji, ranar da ake neman shaida mu rasa abin nunawa.

Na ce wa abokina ya riƙe kuɗinsa, ya je ofishinsu ya tattaro takardunsa na gaskiya, sannan ya nemi lauya mai lasisi. In albashin bai kai ba, akwai sauran sharuɗɗa 9. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Allah Ya tsare mu da 'yan damfara.