Makanikai, A Duba Waya Kafin A Sayi Sansa

Malam Edita,

Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga makanikanmu.

Ni ɗan tireda ne, da 'yar motata nake cin kasuwannin ƙauye. Kwanan baya fitilar inji ta kama, motar kuma ta ƙara shan mai. Aka sa mata kwamfuta, ta nuna lamba P0135. Nan take makanike ya ce in sayo sabon sansan salansa. Na sayo, aka ɗaura, wallahi fitila ba ta mutu ba.

Ashe lambar ba cewa take sansa ya lalace ba. A cikinsa akwai ɗan hita, domin ba ya auna iskar hayaƙi sai zafinsa ya kai wajen digiri 300. Hanyar wutar hitan lambar ke nufi. Wani dattijo mai riwaya ya duba fiyus, ya sa mita, ya ga wutar batir ba ta isowa. Waya ce ta narke a jikin salansa.

Haba jama'a! Ku riƙa gwada fiyus, waya da soket kafin ku tura talaka kasuwa. Sansan nan mai shago ya ƙi karɓa, wai tunda an ɗaura shi ke nan.

Naka,
Wani mai karatu, Funtuwa.